Basaraken da ya gina gidan ibada ya kuma cire hannunsa daga kai: muhawara kan Kuluni

Ɗalibar Liyon:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ranar Asabar na je wani ƙaramin gari a nan Faransa mai suna Kuluni, a yankin Bargandi, kusa da birnin Makon. Tun da na dawo abin bai bar raina ba, shi ya sa na kawo shi gaban manya.

A garin akwai kufan wani gidan 'yan zuhudu na Katolika, wato mazan da ke barin aure da dukiya su tare wuri ɗaya don ibada. Cocinsu ya kai mita 187 a tsawo, kuma babu wanda ya fi shi girma a Turai sai da aka sake gina cocin Bitrus na Rum. Yau abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Na tsaya a inda ƙofar shiga take a da, ga gindin ginshiƙai kamar kututturen kuka, na hangi hasumiyar da ta tsira can nesa, tsakanina da ita akwai titi da gidajen mutane. Duk wannan filin a da cikin coci yake. Da na shiga ɓangaren da ya rage na ɗaga kai, rufin ya kai wajen mita 30, sai da wuyana ya ƙage.

Abin da ya fi kama ni shi ne takardar kafa wurin. A shekarar 910 Giyom mai mulkin Akiten, wanda mutanen Najeriya za su fi sani da Wiliyam, shi da matarsa Ingelberga suka ba da wannan ƙasa da duk abin da ke kanta: gonaki, garken inabi, makiyaya, daji, ruwa, injinan niƙa. Ya ce ya mallaka wa manzanni Bitrus da Bulus. Sannan ya rubuta cewa daga ranar shi kansa ba shi da iko a kan gidan, danginsa ba su da shi, sarki ba shi da shi, kuma ko bishop ko Paparoma ba su da damar taɓa dukiyar. Idan shugaban gidan ya rasu, mazauna ciki ne za su zaɓi wani. Tambayata: me zai sa basarake ya zuba dukiya haka, ya kuma ɗaure hannun kansa da na 'ya'yansa?

Malam Mai Tarihi:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kin je wurin da na shekara ina koyarwa a aji ban taɓa gani da ido ba, Allah ya ƙara buɗi.

Sai an san yadda al'adar take a lokacin kafin a ga abin mamakin. A Turai ta wancan zamani, wanda ya gina coci a ƙasarsa, cocin nasa ne, kamar rumbunsa ko rijiyarsa. Shi ke naɗa limamin, sau da yawa ɗan'uwansa ko baransa. Yana ɗibar rabo daga zakka da baiko. Yana iya sayar da cocin, ko ya ba 'yarsa ta tafi da shi gidan miji, ko 'ya'ya su raba shi a gado, wannan rabi, wancan rubu'i. Gidajen zuhudu ma haka, sarki kan ba jarumin da ya yi masa yaƙi shugabancin gidan, mutumin da bai taɓa yin alkawarin zuhudu ba, ya tare da matansa da dawakinsa da karnukan farauta, masu ibada suna rakuɓe a gefe. Shi kansa Giyom yana riƙe da irin wannan shugabanci a cocin Biriyud, kuma can aka binne shi a 918. Wato ya san daɗin abin da ya hana kansa a Kuluni.

Lauyan Sabon Gari:
Allah ya gafarta Malam, a nan ne nake da ja. Mutumin da ya riƙe Biriyud bai saki ba, ya zo ya saki Kuluni, ni ban ga tsantsar tsoron Allah a ciki ba, lissafi na gani. Kuluni tana can gefen ƙasarsa, inda ikonsa ba shi da ƙarfi, maƙwabta na iya ƙwacewa. Ɗansa bai gaje shi ba, ɗan 'yar'uwarsa ne ya hau bayansa. Wanda ya ga abu zai suɓuce masa, ya miƙa wa waliyyai, ya samu suna, ya samu masu yi masa addu'a, ina asarar? Kyautar abin da ba za ka iya riƙewa ba ai ba ta da zafi.

Baba Katekist:
Ɗana Lauya, na ji ka, amma bari tsoho ya sa baki. Shekara 31 ina aikin katekist, wato mai koyar da addini a coci, a ƙauyukanmu na kudancin Kaduna, kuma abin da na gani shi ne cire hannu ya fi ba da kuɗi wuya nesa ba kusa ba.

Akwai wani mai hali a wata ikilisiya da na yi aiki, ba zan faɗi suna ko gari ba. Shi ya saya mana kwanon rufi gaba ɗaya, ya kawo buhunan siminti, ya sa aka yi bagadi. Mun yi murna, mata suka yi guɗa ranar da aka buga kwano na ƙarshe. Ba a yi shekara ba ya aiko a ajiye masa kujera mai hannu a gaba, kusa da bagadi, shi da iyalinsa. Aka ajiye. Sai ya ce ƙaninsa ne zai riƙe littafin kuɗi. Ranar da Fada ya yi wa'azi kan masu danne haƙƙin 'yan ƙwadago a gona, washegari ya tafi wurin manya yana neman a canza mana Fada. Na tuna yammacin da muka zauna a gindin mangwaro da dattawa, wani tsoho ya ɗaga kai ya dubi rufin ya ce da mun sani da mun zauna da ciyawarmu. Har yau in na tuna ina jin nauyi, domin ni ne na fara zuwa gidansa roƙon kwanon.

To wanda ya ba da ƙasa sukutum ya ce ko ni kada in sa baki a zaɓen shugaba, ko da lissafi a ransa, ya yi abin da masu kuɗi da yawa ba sa iyawa.

Lauyan Sabon Gari:
Baba, na karɓi wannan. Amma a duba, ai shi ya zaɓi shugaban farko, Berno. Bai cire hannu ba sai da ya dasa nasa.

Malam Mai Tarihi:
Gaskiya ne shi ya ɗauko Berno, amma Berno ba ɗan gidansa ba ne. Mutum ne da ya riga ya yi suna wajen gyara gidajen zuhudu a Bom da Jinyi, yana bin ƙa'idar zaman zuhudu ta Waliyyi Benedik sau da ƙafa. Dole wani ya naɗa na farko. Abin dubawa shi ne na biyu da na uku, kuma babu jinin Giyom a cikinsu. Odo ya karɓa a 927. Daga baya aka yi Mayol, aka yi Odilo daga 994 zuwa 1049, aka yi Hugu daga 1049 zuwa 1109. Ku lissafa, mutum biyu sun riƙe gida shekara 115. Gidan da magada ke yayyagawa duk bayan mutuwa ba zai samu irin wannan zaman lafiya ba.

Kuma ka lura da dabarar lauyanci, tunda fagenka ne. Ya sa gidan a ƙarƙashin kariyar Paparoma, za a riƙa kai tsabar kuɗi 10, irin wadda suke kira solidus, duk bayan shekara 5, don a kunna fitilu a kabarin manzanni a Rum. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, alama ce kawai. Rum tana da nisa, Paparoman lokacin kuma ba shi da rundunar da zai turo. Ya zaɓa wa gidan uban da sunansa ke tsoratarwa amma hannunsa ba ya kaiwa tukunya. 'Yanci daga bishop na Makon kuwa bai cika ba sai daga baya, da takardun Paparoma na 998 da 1024.

Ɗalibar Liyon:
Malam, akwai wani wuri a takardar da ya ba ni tsoro da na karanta fassararta. Ya tsine wa duk wanda ya taɓa dukiyar, ko da danginsa ne. Ya ce Allah ya shafe sunansa daga littafin rai, rabonsa ya zama irin na Datan da Abiram da ƙasa ta haɗiye, da na Yahuza da ya ci amanar Almasihu. Bai tsaya nan ba, ya ce hukuma ta ci shi tarar fam 100 na zinariya.

Baba Katekist:
'Yata, labarin Datan da Abiram yana cikin Littafin Ƙidaya sura 16, su ne suka tayar wa Musa, ƙasa ta buɗe baki ta haɗiye su da iyalansu. Duk Kiristan wancan lokaci ya san shi. Kuma ki duba wa yake tsoro. Ba baƙo yake tsoro ba, jininsa yake tsoro. Ya san ranar da ya rufe ido wani ɗan'uwa zai taso ya ce ai gonar kakanmu ce.

Hajiya Uwar Marayu:
Ni tun ɗazu ina karantawa, sai nake jin kamar zancen waƙafi ake yi. Sayyidina Umar ya samu gona a Haibara, ya nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ce ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin. Ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Shi ma wannan bawan Allah abin da ya yi ke nan a nasu addinin, ya fitar da ƙasar daga gado. Kuma ciwon iri ɗaya ne. Mahaifina ya bar fili don makarantar allo, da baki kawai ya faɗa a gaban mutum uku. Biyu sun rasu, na ukun ya tsufa. Yau shekara shida muna fama da 'yan'uwa, an riga an kafa shaguna a rabin filin. Da ya rubuta, da shaidu, da hatimi, da ba mu kai nan ba. Ina ƙaunar mahaifina, amma wannan Bafaranshen ya fi shi sanin halin magada.

Malam Mai Tarihi:
Hajiya, Allah ya warware muku. Sun yi kama, sai dai akwai bambanci. A waƙafi mai bayarwa yana da damar sa kansa ko zuriyarsa su zama masu kula, kuma akwai waƙafin iyali. Giyom wannan ƙofar ce ya toshe. Sannan abin da yake jira a madadi a fili yake: addu'a. Takardar ta jera waɗanda za a roƙa wa gafara, Sarki Odo ubangidansa (ba Odo shugaban Kuluni ba), mahaifinsa da mahaifiyarsa, shi da matarsa, da 'yar'uwarsa Aba wadda ta bar masa ƙasar. Ya kafa hujja da ayar Karin Magana mai cewa dukiyar mutum fansar ransa ce. Ya kuma shar'anta a riƙa taimakon matalauta da baƙi da matafiya kullum.

Wannan addu'a ita ce ta zama arzikin Kuluni. Manya suka yi ta kawo gonaki don a rubuta sunansu a littafin matattu, a ambace su duk shekara ranar mutuwarsu, a ciyar da matalauci a madadinsu. Odilo ne ya kafa ranar 2 ga Nuwamba don tunawa da dukan matattu masu bi, daga gidajensa ta bazu.

Baba Katekist:
Har gobe muna yin ta, Malam. Ranar 2 ga Nuwamba mukan yi Misa, mu tafi maƙabarta mu share kaburbura, Fada ya yayyafa ruwa mai tsarki. Mutane kan rubuto sunayen iyayensu a takarda a ajiye a bagadi. Na daɗe ina karanta sunayen nan ban san daga wannan gari al'adar ta taso ba. Na gode.

Ɗan Agadas:
Ku gafarce ni, akwai abin da aka tsallake. Ƙanwata ta lissafa gonaki da daji da ruwa. A cikin jerin nan akwai mutane. Takardar ta ce da bayin gona, maza da mata. An ba da su tare da injin niƙa, a layi ɗaya. Ana ta yabon 'yancin da aka ba masu addu'a, su waɗanda ke noma abincin masu addu'ar wa ya tambaye su? Ni daga inda na fito maganar bauta ba tatsuniya ba ce, akwai gidajen da har yanzu ake nuna su da yatsa. Ba zan iya karanta wannan layi in wuce ba.

Ɗalibar Liyon:
Yaya, ka yi gaskiya, kuma laifina ne da na bar shi. Na gan shi, na ji kunyarsa, na tsallake. Bai kamata ba.

Lauyan Sabon Gari:
Wannan ya ƙarfafa maganata. Ya cire hannunsa daga kan masu zuhudu, amma bai cire sarƙa daga ƙafar manoma ba. Ubangida kawai aka canza musu.

Baba Katekist:
Ba zan kare wannan ba, ɗana. Zunubi ne, ko da zamanin bai gan shi a matsayin zunubi ba. Abin da zan ce kawai, mutum yakan gane gaskiya ɗaya ya makance a kan wata. Ya gane cewa gidan Allah ba kayan gado ba ne, bai gane cewa ɗan Adam ma ba kayan gado ba ne. Ikilisiya ta ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ta faɗi ta biyun da babbar murya, kuma wannan jinkiri abin tuba ne a gare mu.

Ɗan Agadas:
Na gode, Baba. Abin da nake so in ji ke nan.

Malam Mai Tarihi:
Tunda an buɗe wannan babi, bari in ƙara wani da zai taɓa mu kai tsaye. Katafaren cocin da 'yata ta gani ba Giyom ya gina shi ba, nasa ƙarami ne. Wannan na uku ne, Hugu ya fara shi a 1088. Paparoma Urban na biyu, wanda shi ma tsohon ɗan gidan ne, ya keɓe babban bagadin a 1095, a tafiyar da ya yi kiran yaƙin 'yan Salibiyya. An keɓe cocin duka a 1130.

Ina kuɗin ya fito? Kaso mai tsoka daga Sifen. Sarki Fernando na Leyon ya yi alkawarin tsabar zinariya 1,000 duk shekara, ɗansa Alfonso na shida ya ninka zuwa 2,000 a 1077. Matar Alfonso, Konstans, ɗiyar 'yar'uwar Hugu ce, shi kawunta ne. Zinariyar kuwa haraji ce da sarakunan Musulmi na Andalus, irin na Saragosa da Ishbiliya, ke biya don a bar su lafiya bayan daular Kurɗuba ta wargaje. Kuma zinariya mai yawa da ake buga dinarin Andalus da ita ta ratso Sahara ne daga Afirka ta Yamma, a bayan raƙuma.

Da Murabiɗai, masu mulkin Maroko a lokacin, suka ƙetaro ƙarƙashin Yusuf ɗan Tashfin suka ci Alfonso a Zallaƙa a 1086, suka kuma haɗiye ƙananan masarautun ɗaya bayan ɗaya, harajin ya ƙafe. Kuluni ta riga ta saba sayen hatsi da ruwan inabi da kuɗi maimakon dogara da gonakinta, ga gini bai ƙare ba, sai bashi ya hau ta. Gidan da aka 'yanta daga hannun basarake ɗaya ya wayi gari yana sauraron aljihun wani.

Hajiya Uwar Marayu:
Ikon Allah. Ashe raƙuman su Ɗan Agadas na da hannu a ginin.

Ɗan Agadas:
Hajiya, hanyar yamma ce ta Sijilmasa da Audagust ta fi ɗaukar wannan zinariya a lokacin, tamu ta Ayar daga baya ta yi ƙarfi. Amma Saharar ɗaya ce, ƙishirwar ma ɗaya.

Malam Mai Tarihi:
Haka ne. Kuma bin kuɗin nan da sarakunan Leyon suka daina biya na cikin abin da ya kai shugaban gidan, Bitrus da ake wa laƙabi da Mai Daraja, zuwa Sifen a 1142. A can ya ɗauki hayar masana, cikinsu har da wani Bature ɗan Ingila, Robat na Keton, suka fassara Alƙur'ani zuwa Latin, aka gama a 1143. Ita ce fassara ta farko a wannan harshe. Manufarsa raddi ce, bai ɓoye ba, sai dai ya ce da hujja yake so a yi, ba da takobi ba. Turawa sun shafe ɗaruruwan shekaru da ita suke karanta Alƙur'ani.

Lauyan Sabon Gari:
To Malam, ƙarshenta dai tsinuwar Datan da Abiram ba ta hana komai ba, tunda ƙanwarmu kufai ta tarar.

Malam Mai Tarihi:
Ta hana na wani lokaci mai tsawo. Amma tun kafin rushewar an karya sharaɗin zaɓe. Daga ƙarni na 16 sarakunan Faransa ke ba manyan fadarsu shugabancin Kuluni, har Rishaliyo da Mazaran sun riƙe, suna karɓar kuɗin shiga daga Paris. Abin da Giyom ya guje wa shi ya dawo ta ƙofar sarki. Juyin juya halin Faransa ya rufe gidan a 1790, aka sayar da ginin a 1798, 'yan kasuwa suka mai da shi wurin haƙar dutse, suna fasa shi da albarushi suna sayarwa har wajen 1823. Daga 910 zuwa 1790 shekara 880 ke nan. Gidan sarautar Giyom kuwa bai kai shekara 20 bayan kafa Kuluni ba ya ƙare.

Baba Katekist:
A dokar ikilisiya ta yanzu mai gina coci ba ya samun ikon naɗa Fada, bishop ke turowa, kuma takardar fili da sunan dayosis, wato yankin da bishop ke kula da shi, ake yin ta. Tun abin da ya same mu, duk wanda ya zo da babbar kyauta nakan zaunar da shi a gaban kwamiti, a rubuta abin da ya bayar, a rubuta cewa ba ya jiran kujera ko muƙami, ya sa hannu. Mutum biyu sun fasa bayarwa da suka ji haka. Wata gwauruwa mai sayar da ƙosai kuwa ta kawo kuɗin bencina huɗu, ta dangwala yatsa, ta ce kada ma a faɗi sunanta.

Hajiya Uwar Marayu:
Baba, don Allah ka turo min yadda kuke tsara takardar nan ta akwatin sirri. Rabin filin da ya rage nake so in kai gaban alƙali a rubuta shi waƙafi tun tsohon nan mai shaida yana da rai.

Baba Katekist:
Zan turo miki da yamma in na dawo daga gona, 'yar'uwa. Lauya ya duba miki ita kafin ki kai.

Lauyan Sabon Gari:
Na ɗauka, Baba, ba sai an biya ba. Hajiya, ki fara ɗaukar maganar tsohon a waya tun yau, a gaban mutum biyu baligai, ya faɗi iyakokin filin gabas da yamma, kudu da arewa.

Ɗalibar Liyon:
Allah ya saka muku. Yaya Ɗan Agadas, zan koma Kuluni bayan jarrabawa. A inda cocin yake akwai tsohuwar bargar dawakin gwamnati da aka kafa zamanin Napoliyon, an ce da duwatsun cocin aka gina wani sashenta, ga kuma makarantar injiniyoyi a ɗakunan masu zuhudun. Wancan karon hasumiya na tsaya kallo. Wannan karon zan fita ƙauyukan da ke bakin kogin Goron, inda gonakin suke, in ɗauko muku hotuna.